Sale da Masaukin Tsatso

Takardar gayyata da sunan Batulu ta zo, amma mijinta Sale ne ya haye kabu-kabu ya nufi Cadawa.

"Taron ilimi ne fa," in ji shi, yana gyara hula a madubin moto. "Ke ki ji da tukunya. Abin da za a faɗi can sai mai babban kai."

Batulu ce mai garkar da ke bayan gidansu: fangali shida na salati, biyu na shu, wato kabeji, da yakuwa a gindin darni. Shekara uku tana ɗauko ruwa a ka daga rijiyar bakin gari tana ba su, har gashin tsakar kanta ya soma gudu. Sale kuwa ko inda bokitin ban ruwa yake kwana bai sani ba. Darni ɗaya ya raba gidana da nasu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsince shi ba.

A shekarar ne aka kafa mana famfo mai aiki da hasken rana. Rarar ruwansa tana malala cikin wani ɗan fili mai baƙar ƙasa, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Mai gari Labo ya sa aka yi shela cewa nan da Juma'a biyu zai zaga garkunan gida tare da malamar gona, wadda tata ta fi kyau ita ke da filin. Batulu ta ƙwallafa rai. In ta samu, ta sauke tulu ke nan har abada. Mai ja da ita ɗaya ce, Tani, taubashiyar Sale, wadda bakinta ya fi lauje kaifi.

Sai ga tsatso. Wanda bai san shi ba, ƙwaro ne siriri mai almakashi a gindi. Da an gama yankan gero sai ya biyo damma ya shigo gari. Da rana yakan ɓuya a duk inda ke da laima da duhu, in gari ya yi shiru ya fito ya huda ganye. Don shi malamar gona ta kira taro a Cadawa, daga hantsi har la'asar.

Ana kiran azahar sai ga Sale ya dawo, da sabuwar hula mai baki a kansa, da maiƙon shinkafa a gemu.

"Har an tashi, Malam?" in ji Batulu.

"Su dai ba su tashi ba. Ni na gama. Malamar na buɗe baki na gano inda za ta. Da aka ci abinci na ce zaman mi zan yi, in hana na baya fahimta?"

"To mi aka ce?"

"Tarko. Ka naɗe ɗan keso, ka yayyafa mai ruwa, ka aje cikin fangali. Tsatso na son laima, duk sai su shige. Shi ke nan."

"In sun shige fa?"

"Sun shiga tarko mana! Wace irin tambaya ce wagga?"

Na leƙo ta saman darni na ce, "Sale, keso ba shi da marfi. Yadda suka shiga haka za su fito."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Inna, ke a wace lakol kika yi karatu?"

Na ja bakina na koma tsinkar zogalena. Ni sau ɗaya nake faɗar magana.

"Ita malamar ɗan keso guda ta nuna," ya ci gaba, yana auna iska da hannu biyu, "don iyakar kanta ke nan. Ni babba zan yi. Tarko ɗaya wanda zai kwashe tsatson garin ga kaf, da na Cadawa, har na Gidan Rumji in sun ji labari. Daga yau kuma a riƙa ce min Injiniya."

Washegari ya aro amalanken jaki ya shiga gida-gida yana sallama. Keso yake so, da tsohon zana, da ruɓaɓɓen buhu, da tsumma, da karan da ya sha damina. Mata suka yi ta rige-rigen ba shi. Sharar da aka yi shekaru ana harara ana ɗagawa sai gobe, ga mai kwasa kyauta har da godiya. Ni ma na ba shi kesona uku.

Da ya iso gidan Tani, ta tarbe shi da guɗa.

"Maraba da bawana! An ce ka je Cadawa ka shanye ilimi har da miyarsa."

"Ke dai miƙo shara, baiwata. Filin famfo ya wuce ki."

Ta kai shi ƙarƙashin rumbu ta nuna mai wani zana da ya kwana biyu a duniya. Da ya ɗaga, sai ya tsaya.

"Wanga zana kamar motsi yake."

"Murna ce. Ya ji zai shiga hannun injiniya."

Ta taya shi ɗorawa, ta bi bayan amalanke da tsintsiya, ta share har gindin darninta, ta ce in ya ga saura ya dawo.

Kafin la'asar kaya sun cika tsakar garkar Batulu. Wuri bai isa ba, sai ya tuge fangalin salati biyu.

"Malam, salatin ne fa za a zo dubawa!"

"Wa zai dubi salati ga wannan a tsaye?"

Ya jera, ya ɗora, ya taka, ya ƙara, har tulin ya fi shi tsawo, sai da ya hau turmi ya ɗora buhun ƙarshe. Ya sa doka: a shayar da tarko safe da yamma, bokiti huɗu-huɗu, kafin a ba ganye ko ɗigo. Batulu da ke zuwa rijiya sau biyar ta koma sau tara.

Kwana uku, salati ya zama rariya. In ka ɗaga ganye ɗaya kana hango maƙwabta ta cikinsa.

"Malam, zo ka gani."

Ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai kamar likita. "Madalla. Cin bankwana ne. Duk wanda ya ci yau, gobe ba shi."

Gobe ta yi, tsatso suka ci na barka da dawowa.

Kajin unguwa ne suka fara gane abin da ke cikin tulin. Da hantsi sai ga su a guje, na Batulu da nawa da na gidan liman, suka afka suna tono suna caccaka, har wani zakarana yana shaƙewa don haɗama. Sale na zaune a zaure yana ba mutane labarin Cadawa, ya ji hayaniya, ya zabura da takalmi ɗaya.

"Kai! Kai! Za su rushe min aiki!"

Ya bi wannan, waccan ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya jefi zakara da takalmi, takalmi ya sami shu. Ya yi tsalle zai cafke wata kaza, ya rungumi yakuwa.

"Malam, ai tsatson suke ci," in ji Batulu.

"Wa ya sa su? Kamun tarkona ne! Ni in kama, su su cinye, ranar Juma'a in nuna wa mai gari mi?"

Ya tattara kajin gidan ya tura akurki ya toshe da dutse. Ya bi maƙwabta yana gargaɗi, duk kazar da ya ƙara gani a garka sai dai a ji ƙamshinta. Kowa ya kulle nasa. Tsatso suka samu lafiya, suka soma aure da haihuwa.

A kwana na takwas shu ma ya soma zama rariya. Sale ya zauna kan turmi ya dafe kai, can sai ya buga cinya.

"Na tuna! Akwai gwangwani! Ta nuna ɗan gwangwanin sardin da ɗan mai a ciki, wai ƙamshi ke jawo su su faɗa."

"To ga gwangwani nan," in ji Batulu da sauri.

"Ke kullum tunaninki ƙarami."

Ya ɗauko babbar tasarta ta aure, ya juye mata man gyaɗan gidan kakaf, ya marmasa busasshen kifin miya a ciki, ya haƙa rami tsakanin fangalin shu ya binne ta har baki.

Da asuba ina alwala na ji kamar ana yanka jarirai. Na leƙa. Duk wata mussa, wato kyanwa, da ke garin nan tana garkar Batulu, har da wata mai ido ɗaya da aka ce ta mutu bara. Suna kokawa, suna birgima kan shu, suna tsalle kan salati, kowace gashin baki na ɗigar mai. Sale ya fito da taɓarya yana salati, ya ɗaga zai maka, ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin tasa. Ya yi gaba, ya yi baya, ya yi wani juyi da ko 'yan mata a dandali ba su iya ba, ya zauna daram kan shu mafi girma, wanda Batulu take rufewa da kallabinta in rana ta yi zafi.

Kan Tani ya ɓullo ta ɗaya darnin da ya raba su da gidanta.

"Jama'a, ku fito! Tarko ya kama babba!"

"Gwaji nake!" in ji Sale daga ƙasa. "Ina auna santsin man ne!"

"Ya yi santsi, bawana?"

"Ya yi."

Abin da ya fi ba Batulu haushi, tun ranar da aka kwashe shara garkunan unguwa suka murmure. Tsatson kowa ya tare gidanta. Salatin Tani ya yi faɗi kamar faifai. Har aiko musu da guda ta yi a kwano, wai su ɗanɗana, tunda nasu yana hannun injiniya.

Ranar Alhamis Batulu ta zauna gindin darnina tana matsa wuya.

"Inna, ashe tulun nan da shi za a binne ni."

Na ce, "Ki bari Juma'a ta zo tukuna."

Da la'asar sakaliya Sale ya fito da babbar rigarsa shuɗiya mai aska, wadda ba ta fita sai Sallah, ya ce a wanke, gobe da ita zai karɓi fili.

"Hannuna ya mutu wajen shayar da tarko," in ji Batulu, ba ta ko ɗaga kai ba.

"To zauna. Wanki ma ilimi ne."

Ya wanke da kansa. Rana ta faɗi riga ba ta bushe ba. Ya ninke ta ninki takwas, ya hau turmi, ya ɗora ta can ƙololuwar tulin, wai nan iska ta fi kaɗawa. Na gani da idona. Na buɗe baki, na tuna ban yi lakol ba, na rufe.

Juma'a da hantsi gari ya fito. Mai gari Labo a gaba da sandarsa, Malama Saudatu malamar gona a gefensa da littafi, mata da maza a baya. Aka fara da gidan Tani. Muna jin malamar tana cewa, "Kai, wannan tsabta! Ina kika kai shararki?"

"Wani bawan Allah ya kwashe," in ji Tani. "Yanzu za ki gan shi."

Sale ya ji tafiyarsu ta matso, ya haye turmi ya fizgo riga ya zura, ya ɗora hular Cadawa, ya tsaya gaban tulin cikin rana ya buɗe hannuwa.

"Ranka ya daɗe, barka da isowa! Yau za ka ga abin da ko Maraɗi ba su gani ba."

Mai gari ya dubi fangali. Babu komai sai jijiyoyin ganye a tsaye kamar tsintsiyar da ta ƙare.

"Ina salatin, Sale?"

"Salati ƙaramar magana ce, ranka ya daɗe. Dibi tarko."

Malama Saudatu ta ƙura masa ido. "Ba kai ne ka zo a madadin matarka ba? Wanda ya nemi ƙarin shinkafa, muka waiga ba mu gan shi ba?"

"Uzuri ne ya taso."

Ta zaga tulin, ta taɓa shi da bakin takalmi. "Kullum da safe kana kakkaɓe shi?"

"Kakkaɓe mi?"

"Tarkon mana. Da sassafe a ɗaga keson, a kakkaɓe cikin ruwan sabulu ko a gaban kaji, a mayar. A kuma kwashe duk wata shara daga garka. Abin da muka yi bayan cin abinci ke nan, har kowa ya gwada da hannunsa."

Malamar ta sake duban tulin.

"Kwana nawa yana nan?"

"Goma sha biyu," in ji Batulu.

"Ana ba shi ruwa?"

"Bokiti takwas kullum."

"Kaji fa?"

"Suna kulle."

Malamar ta rufe littafinta. "Malam, ai ba tarko ka yi ba. Masauki ka gina musu, ga ruwa, ga abinci, ga mai gadi."

"A nan ne muka saɓa da ke, Malama," in ji Sale, ya ɗaga yatsa. "Shi ilimi, ranka ya daɗe..." Kafaɗarsa ta hagu ta yi tsalle. Ya danne ta. "Shi ilimi iri biyu ne. Akwai na..." Ta dama ta yi tsalle.

Rana ta gasa rigar, baƙin da suka kwana cikin ninkinta sun farka. Ɗaya ya fito ta wuyan riga, ya bi gemu, ya tsaya kan leɓe yana ɗaga almakashi kamar mai gaisuwa. Sale ya hure shi. Uku suka fito daga aljihu.

"Akwai na littafi, akwai na... wayyo! Na... kai! Kai!"

Ya mari ƙeya. Ya mari cinya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya karkaɗa, ya sauke ya ɗaga ɗayar. Kafaɗu suka kama rawa, ƙugu ya karɓa. Tani ta kife ƙwaryar da ke hannunta ta soma kiɗa daidai da takunsa, mata suka ɗauki tafi.

"Juya, bawana! Ashe har rawa aka koya a Cadawa!"

"Ba rawa ba ce! Batulu! Ranka ya daɗe, a gafarce ni!"

Ya durƙusa gaban mai gari don neman afuwa, rigar ta zazzago tsatso cikin tafi guda kan takalman mai gari. Dattijon da ke tafiya da sanda shekara goma ya yi tsallen da sai da rawaninsa ya warware.

Sale ya kama riga zai tuɓe, kai ya maƙale a wuya. Ya ruga a makance, hannuwa sama, ya yi karo da liman, ya juya, ya taka turmi, ya tafi gaba ɗaya ya rungumi tulin. Tulin ya yi jim, ya karkata, ya rufto a kansa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma na ga fara ta rufe rana. Ƙasa ta yi baƙi tana gudana. Maza suka tattare riguna suka yi ta kansu, mata suka haye darni, malamar gona ta hau amalanke. Sai ƙafafun Sale biyu ke waje suna harbin iska.

Batulu kaɗai ba ta gudu ba. Ta taka a hankali ta je akurki ta ɗage dutse. Na ce nawa ma a buɗe, aka yi ta kiran gida-gida a saki kaji. Suka zo kamar an buɗe kasuwa. Kwana tara suna kulle suna jin ƙamshi. Ta jawo bokiti ta kaɗa sabulu, ta kama gefen rigar ta zare ta daga kan mijinta kamar mai fiɗa, ta kakkaɓe a ciki. Ruwa ya yi baƙi. Ta juya ta ta sake kakkaɓewa, ya ƙara baƙi.

"To ga darasin la'asar nan," in ji malamar daga kan amalanke. "Wadda ba ta je ba ita ta yi shi."

Mai gari ya gama naɗa rawani, ya yi gyaran murya.

"Magana na faɗe ta gaban jama'a, ba ni canza ta. Garkar da ta fi kyau ta Tani ce. Fili nata ne."

Batulu ta ajiye bokitin. Ta kai hannu tsakar kanta ta shafa.

"Na karɓa, ranka ya daɗe, na gode," in ji Tani. "Amma ni ba na cin haƙƙi in yi barci. Tsatsona na shekara uku salatin Batulu ya ciyar, har da na unguwa duka. Rabin da ke jikin famfo nata ne. Sai dai da sharaɗi biyu."

"Faɗi."

"Na ɗaya, ƙafar bawana ba ta ƙetare darnin filin nan, ko da gobara."

"An yarda," in ji Batulu, tun mai gari bai buɗe baki ba.

"Na biyu, rigar nan. Tun da nake ban ga tarko irinta ba. Dibi ninki, dibi aljihu. A bar mana ita."

Mai gari ya dubi malamar. Malamar ta leƙa bokiti ta ce gaskiya ta fi keso kamu. Ya buga sanda a ƙasa, magana ta zauna.

Sai muka ji murya daga ƙarƙashin buhuna.

"Kun dai ji da kunnenku! Tarkona ake roƙo! Ke Batulu, faɗa musu wa ya ƙirƙiro shi!"

"Kai ne, Malam. Fito kaji su gama da kai."

Yanzu shekara biyu ke nan. Batulu ta kife tulu a bayan ɗaki, kaza ma ta yi ƙwai a gindinsa, gashin tsakar kanta ya dawo har ana kitsa shi. Rigar tana zaga fangali, yau a na Tani gobe a nata. Da yamma a yayyafa mata ruwa a ninke, da safe a ɗaga. Sale na zaure sanye da 'yar shara, duk baƙon da ya zauna sai ya ji yadda injiniya ya kori tsatso daga gari guda cikin kwana goma sha biyu.

Ranar Juma'a kaɗai ake ba shi aronta ya je masallaci. Batulu takan miƙo ta a bakin sanda ta saman darnin da aka hana shi ƙetarewa. Shi kuma yakan ja da baya taku biyu, ya ɓoye hannuwa, ya miƙa wuya.

"Ke, tsakaninki da Allah, an kakkaɓe?"